Canza adireshin IP da DNS ta hanyar kod: wace hanya kuke bi?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar koyar da kwamfuta, guda 60, kuma aiki biyu ɗakin yake yi. Ranar jarrabawa dole kowace kwamfuta ta ɗauki tsayayyen adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a netwok), ta yi magana da uwar garken da ke cikin ɗakin kaɗai, babu intanet. Sauran ranaku ɗalibai na buƙatar intanet, sai mu mayar da su kan DHCP, wato tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi da kansa. Yanzu da hannu muke yi, ɗaya bayan ɗaya, ni da yaro guda. Ina so in rubuta kod da zai riƙa yin wannan sauyi. Yawancinsu Windows 10 ne, akwai 'yan Windows 11, akwai tsofaffi kaɗan masu Windows 7, uwar garken kuma Ubuntu ce. Python na fi iyawa. Ta ina zan fara?

Sadiƙ: Wa alaikumus salam Nura. Fara da `netsh`, yana cikin dukkan Windows ɗin da ka lissafa, ba sai ka sauke komai ba. Ka kira shi daga Python da `subprocess.run`. Na ranar jarrabawa:

`netsh interface ipv4 set address name="Ethernet" static 192.168.10.21 255.255.255.0 192.168.10.1`

`netsh interface ipv4 set dnsservers name="Ethernet" static 192.168.10.2 primary`

Na komawa intanet kuma umarnin ɗaya ne, sai dai ka sa `source=dhcp` a madadin lambobin. Ka lura da kyau, umarni biyu ne a nan ma. Mutane da yawa kan mayar da adireshi kan DHCP su manta da DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, sai kwamfuta ta samu adireshi lafiya lau amma shafuka su ƙi buɗewa, domin har yanzu tana tambayar uwar garken jarrabawa sunayen shafuka.

Isufu Damagaram: Sannunku da aiki. Malam Sadiƙ, umarninka daidai ne, amma wannan suna "Ethernet" da ka rubuta a ciki shi ne abin da nake jin tsoro. A nan wajenmu yawancin kwamfutoci da Faransanci suke zuwa. A Windows 7 na Ingilishi sunan katin netwok "Local Area Connection" ne, a na Faransanci kuma "Connexion au réseau local". Sai daga Windows 8 aka koma kiran sa Ethernet. To Nura ya ce yana da Windows 7, ka ga tun a nan sunan ya rabu biyu. Ko a Windows 10 ɗin ma, da zarar an canza kati ko an maƙala na USB, sai ka ga "Ethernet 2" ko "Ethernet 3".

Na biyu, amsar da `netsh` ke fitarwa da harshen kwamfutar take fitowa. Duk kod ɗin da aka rubuta don ya nemi wata kalmar Ingilishi a cikin amsa, idan ya ƙetaro wajenmu ya mutu. Har haruffan ma matsala ne, tagar umarni ta Windows na Faransanci da tsarin haruffa 850 take aiki, sai Python ya karanta harafin é a gurguje. Kwamfutocin hannu da ake kawowa daga Turai suna shiga kasuwanninku ma, ka duba naka da kyau.

Nura: Gaskiya ne Malam Isufu, akwai guda biyu a tsofaffin da rubutunsu ba Ingilishi ba ne. To da me zan gane katin idan ba da suna ba?

Hajara: Da adireshin MAC, wato lambar da katin ke zuwa da ita tun daga masana'anta. Shi ba ruwansa da harshe, ba ya canzawa don an sake kunna kwamfuta. Kuma ni shawarata ka bar `netsh` ga waɗanda ba su da wata mafita, ka yi amfani da PowerShell a kan Windows 10 da 11. Dalili shi ne PowerShell bayanai yake dawo maka da su a tsare, ba rubutun da aka shirya don idon mutum ba. Ka ce `Get-NetAdapter -Physical | ConvertTo-Json`, Python ya karanta da `json.loads`, ka samu MAC da `ifIndex` (lambar da Windows ke ba katin) da matsayin kebul, babu cinke.

Daga nan:

`New-NetIPAddress -InterfaceIndex 12 -IPAddress 192.168.10.21 -PrefixLength 24`

`Set-DnsClientServerAddress -InterfaceIndex 12 -ServerAddresses 192.168.10.2`

`New-NetIPAddress` da kansa yake kashe DHCP a kan katin. Wurin komawa kuwa sai ka bi a hankali: `Set-NetIPInterface -Dhcp Enabled`, sannan `Set-DnsClientServerAddress -ResetServerAddresses`. Idan ka taɓa sa ƙofar fita (gateway, adireshin da ake bi a fita daga netwok na cikin gida) da `-DefaultGateway`, ka cire ta da `Remove-NetRoute`, domin idan ka bar ta, karo na gaba da za ka sa wata zai ƙi, ya ce akwai ƙofar fita tuntuni. Lambar `ifIndex` ɗin nan kuma kada ka ajiye ta a fayil. Ka nemo ta daga MAC duk lokacin da kod zai gudana, don tana iya canzawa.

Sadiƙ: Anti Hajara, ai PowerShell nauyi gare shi wurin tashi, musamman a kan tsohuwar na'ura. `netsh` kafin ka ƙifta ido ya gama.

Hajara: Haka ne, yana da nauyi. Amma sau biyu za a yi abin a mako, ba sau dubu a minti ba. Daƙiƙa biyu ko uku ba za su hana jarrabawa ba, abin da zai hana ta shi ne kod ya ce ya gama alhali bai yi komai ba. Kuma ka haɗa duk umarnin a fayil ɗin `.ps1` guda, ka kira shi sau ɗaya, ba ka tashi PowerShell don kowane layi ba.

Abu ɗaya da zan yarda da kai: waɗannan umarnai da Windows 8 suka zo. A Windows 7, ko ka sabunta PowerShell ba za ka same su ba, domin abin da suke dogaro da shi a ƙarƙashi babu shi a can.

Nura: To tsofaffin fa?

Hajara: WMI, tsarin Windows na karantawa da sarrafa saiti ta kod. Akwai ajin `Win32_NetworkAdapterConfiguration`, yana aiki daga Windows 7 har 11, saboda haka idan kana son hanya guda ga dukkansu, ita ce wannan. A Python akwai kunshin `wmi` da ke kan `pywin32`. Ka nemo katin da `MACAddress` ɗinsa ya dace, ka kira `EnableStatic` da jerin adireshi da jerin iyakar netwok (subnet mask, irin 255.255.255.0), sannan `SetDNSServerSearchOrder`. Idan kana buƙatar ƙofar fita, `SetGateways` bayan `EnableStatic` yake zuwa, ba ya aiki a kan katin da ke kan DHCP.

Abin da ya fi muhimmanci: waɗannan ba sa jefa kuskure, lamba suke dawowa da ita, kuma idan ba ka duba ba shi ke nan. 0 an yi nasara. 1 an yi nasara amma sai an sake kunna kwamfuta. 70 adireshin ba daidai ba ne. 84 IP ba a kunne yake a kan katin ba, yawanci za ka ga kebul ne a cire. 91 ba ka da izini. Ka rubuta lambar a fayil tare da lokaci, ranar da abu ya ƙi shi ne zai cece ka.

Kada kuma ka rikita WMI da umarnin `wmic`. Shi `wmic` Microsoft ta sanar da barinsa tun 2021, kuma a sababbin Windows 11 ba lallai ka same shi ba. WMI kanta tana nan. Sannan ka tuna Python 3.8 ne na ƙarshe da ke gudana a Windows 7, kada ka rubuta kod da sababbin abubuwan da ba ya ganewa.

Injiniya Bashir: Salamu alaikum. Na karanta daga sama, kowa ya faɗi abin da ya sani, Allah ya ƙara basira. Nura ɗana, tambaya ɗaya gare ni kafin ka rubuta layi ko ɗaya: me ya sa sai an taɓa kwamfutocin? A rauta ake yin wannan, wato na'urar da ke haɗa ɗakin da intanet. Ka bar dukkansu kan DHCP, ka ɗaure kowane MAC da adireshinsa a rautar, kullum kwamfuta ta 21 za ta samu .21. Ranar jarrabawa ka kunna doka guda a katangar tsaron rautar da ke hana ɗakin fita waje. Wuri ɗaya ka canza, ba 60 ba. Idan rautarka MikroTik ce, tana da API a tasha 8728, kuma RouterOS 7 ya zo da REST, da Python ɗinka za ka kunna dokar ka kashe. Idan `dnsmasq` kake da shi a Ubuntu, layin `dhcp-host` guda ne ga kowace kwamfuta.

Nura: Ranka ya daɗe, na yi tunanin haka. Matsalar ita ce masu jarrabawar sun rubuta a sharaɗinsu cewa tsayayyen adireshi suke so a kan kowace kwamfuta, kuma masu duba cibiya kan buɗe saitin su gani da idonsu. Ba ni da ikon canza wannan.

Injiniya Bashir: To, sharaɗi sharaɗi ne, a bi shi. Amma ka ɗauki rabin shawarata. Hana fita intanet ka bar wa rauta, kada ka dogara da cewa ka cire ƙofar fita daga kwamfutoci. Ga dalili, kuma mutane ƙalilan ne ke lura da shi: duk abin da aka faɗa a sama IPv4 ne, tsohon tsarin adireshi, alhali akwai sabo da ake kira IPv6. Idan rautarka tana raba IPv6, kwamfuta za ta ɗauki adireshinta da ƙofar fitarta ta can ba tare da ta tambaye ka ba, ɗalibi ya buɗe intanet ana tsakiyar jarrabawa kai kana ganin ka rufe. Akwai `Disable-NetAdapterBinding -ComponentID ms_tcpip6`, amma Microsoft ba ta ba da shawarar kashe IPv6 a Windows, don haka a rauta ya fi dacewa a tare shi. Waɗanda ke da Wi-Fi kuma ka kashe katin ranar jarrabawa da `Disable-NetAdapter`, in ba haka ba wayar da ke aljihun wani ta isa ta ba su hanya.

Na biyu, tsara adireshin. Idan a zango ɗaya za ka zauna, tsayayyun adireshinka su kasance a wajen waɗanda DHCP ke rabawa. Misali tsayayyu daga .11 zuwa .99, DHCP daga .100 zuwa .250. Idan suka haɗu, wata rana wayar malami za ta ɗauki .21 kafin kwamfutar ta ɗauka. Ka ajiye fayil guda mai jerin MAC da adireshi, kowace kwamfuta ta duba nata a ciki. Kada wani ya riƙa buga lamba da hannu.

Sadiƙ: Ni na taɓa ganin wani yana rubutawa kai tsaye a rajista, ƙarƙashin `HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\Tcpip\Parameters\Interfaces`. Python na da `winreg`, ba buƙatar wani kunshi. Ba zai fi sauƙi ba?

Hajara: A'a, don Allah kada a sa Nura a wannan hanya. Gaskiya ne a nan Windows ke ajiye saitin, amma rubutawa a can ba ya sanar da sashen da ke tafiyar da netwok cewa an canza wani abu. Sai ka kashe katin ka kunna, ko ka sake kunna kwamfuta, kuma babu mai duba maka ko lambar da ka rubuta tana da ma'ana. Ka karanta daga can idan kana so, amma kada ka rubuta.

Injiniya Bashir: Na goyi bayan Hajara. Irin wannan ne kuma ke faruwa ga masu rubuta C da suka gano `AddIPAddress` a `iphlpapi.dll`. Yana aiki nan take, amma adireshin ba ya zama, da an sake kunna kwamfuta ya tafi. Wannan ba aibi ba ne, haka aka gina shi, kuma yana da amfani wurin gwaji. Sai dai ba shi ne abin da mai duba cibiya zai gani a saiti ba.

Malama Rabi: Bari in shigo ta ɓangaren Ubuntu, tunda an daɗe a Windows. Maganar da Hajara ta yi kan rajista ita ce maganar Linux gaba ɗaya. Kowace na'ura tana da mai gida a harkar netwok. Idan ka shiga ka jera kayan ɗaki ba da saninsa ba, zai dawo ya mayar da komai inda ya ajiye shi. Saboda haka tambayar farko ba wane umarni ba ce, wa ke riƙe da katin a wannan na'ura?

A Ubuntu, tun fitowar 17.10, Netplan ne a sama. Fayilolinsa na YAML suna `/etc/netplan/`, shi kuma ya miƙa aikin ga `systemd-networkd` a na uwar garke, ko ga NetworkManager a na tebur. Idan ka yi `ip addr add 192.168.10.2/24 dev enp3s0` zai yi aiki yanzu, ya ɓace bayan an sake kunnawa. Idan ka rubuta a `/etc/resolv.conf`, za a goge, domin a Ubuntu fayil ɗin na `systemd-resolved` ne, shi ya sa kake ganin 127.0.0.53 a ciki. Don ganin DNS na gaskiya ka yi `resolvectl status`.

Amma Nura, shawarata a kan uwar garkenka ita ce kada ka canza ta sam. Ka ba ta adireshi biyu a Netplan, na zangon jarrabawa da na zangon intanet, ta zauna da su dindindin. Ta haka duk ɓangaren da kwamfuta take, za ta iya kaiwa gare ta. Rabin wahalarka ta tafi ke nan.

Nura: Malama, wannan ban taɓa tunaninsa ba. Kati ɗaya zai ɗauki adireshi biyu?

Malama Rabi: Zai ɗauki fiye da haka ma. A ƙarƙashin `addresses` jeri ne, ka sa biyu. Ga 'yan abubuwan da za ka kiyaye. Idan kod ne zai rubuta fayil ɗin, ka yi da PyYAML, kada ka riƙa liƙa rubutu da hannu, don tazara ɗaya idan ta kauce YAML ya lalace. Ka rubuta `routes` mai `to: default`, domin an bar `gateway4` da ke cikin tsofaffin darussa. Ka sa izinin fayil ɗin 600, in ba haka ba sababbin Netplan za su yi ta yi maka gargaɗi. Idan ka ga `50-cloud-init.yaml`, ka sani `cloud-init` ne ya rubuta shi kuma yana iya sake rubutawa, sai ka hana shi taɓa netwok tukuna.

Kuma kada ka fara da `netplan apply`. Ka yi `netplan try`. Zai sa sabon saitin, ya jira daƙiƙa 120, idan ba ka tabbatar ba ya koma tsohon da kansa. Daga cikin kod ma ana iya tabbatarwa, ka aika masa siginar `SIGUSR1`.

Auwal: Malama, ni a kan Raspberry Pi nake fama. Na bi darasi na gyara `/etc/dhcpcd.conf`, na sake kunnawa, adireshi bai canza ba.

Malama Rabi: Darasin ya tsufa, ɗana. Daga Raspberry Pi OS Bookworm da ya fito a 2023, NetworkManager ne mai riƙe da netwok, `dhcpcd` ba ya aiki. Ka yi `nmcli -t -f NAME,DEVICE connection show` ka ga sunan haɗin, sannan:

`nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.50/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns 1.1.1.1`

Bayan nan `nmcli connection up` da sunan, don `modify` ajiyewa kawai yake yi. Wannan `-t` don kod aka yi shi, yana fitar da amsa mai sauƙin rarrabawa. Mai son ya wuce `nmcli` gaba ɗaya yana iya magana da NetworkManager ta D-Bus ko `libnm`, a can har da abin da suke kira `CheckpointCreate`, wanda ke mayar da saiti baya idan lokaci ya cika ba a tabbatar ba.

Auwal: Ya yi! Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bashir: Wannan abu na komawa baya da Malama Rabi ta ambata sau biyu, Nura, shi nake so ka gina a naka na Windows, domin a can babu wanda zai yi maka. Ka yi tunani: kana zaune a uwar garke, ka aika umarni ta netwok cewa kwamfuta ta canza adireshi. Da ta canza, haɗin da kake magana da ita ta kansa ya yanke. Ba za ka ji amsa ba ko an yi nasara, ba kuma za ka iya gyarawa ba idan an yi kuskure. Don haka kod ɗin a kan ita kwamfutar zai zauna, ya yi komai da kansa.

Tsarin da nake bi shi ne: ya karanta saitin yanzu ya ajiye a fayil. Ya sa sabo. Ya ɗan jira, domin Windows na tambayar netwok ko wani na riƙe da adireshin kafin ta fara amfani da shi. A `Get-NetIPAddress` za ka ga `AddressState` yana `Tentative`, sannan ya koma `Preferred`. Idan ka ga `Duplicate`, wani ya riga ka. Bayan nan ya gwada kaiwa ga uwar garke. Idan minti ɗaya ya wuce bai samu ba, ya mayar da tsohon saitin, ya rubuta dalili. Idan ya samu, shi zai aika wa uwar garke saƙo cewa ga ni a sabon adireshi. Kai kuma allo ɗaya za ka kalla, ka ga wa ya amsa wa bai amsa ba.

Hajara: Ƙari kaɗan a kan gwajin: kada ya zama `ping`. Ka buɗe haɗin TCP zuwa tashar da manhajar jarrabawar ke amfani da ita, `socket.create_connection` tare da `timeout`. Na'ura na iya amsa `ping` alhali manhajar a kashe take. Sannan idan ka cire ƙofar fita, Windows kan kira netwok ɗin wanda ba a gane ba, ta sa shi a rukunin `Public`, katangar tsaro ta tare masu shigowa. Idan ka tura `ping` daga uwar garke ba a amsa ba, ba lallai sauyin ne ya gaza ba.

Nura: To batun izini fa? Ɗalibai ba su da asusun admin, kuma ba na so su samu.

Hajara: Daidai, kada su samu. Kuma kada ka kuskura ka rubuta kalmar sirrin admin a cikin kod, ko ka mayar da shi `.exe` da PyInstaller ana iya buɗewa a karanta. Ka yi amfani da Task Scheduler: ka ƙirƙiri aiki da ke gudana a matsayin SYSTEM, asusun Windows mai cikakken iko, yana tashi lokacin kunna kwamfuta da kuma bayan kowane 'yan mintoci, ya tambayi uwar garke yau wane yanayi ake ciki, jarrabawa ko karatu. Idan amsar ta saɓa da saitin da ke kai, ya canza. Idan ta dace, kada ya taɓa komai. Wannan dubawar tana da muhimmanci, domin sake sa adireshin da ke kai yana yanke haɗi na ɗan lokaci, kuma ba ka son haka ana tsakiyar jarrabawa. Babban fayil ɗin da kod ɗin ke ciki ka hana ɗalibai rubutu a cikinsa, domin duk wanda ya iya canza wannan kod ya zama SYSTEM.

Umar: Tunda ana kan magana, wani ya taɓa yin irin wannan a Android? Akwai makarantar da ke son yin jarrabawa da kwamfutar hannu ta allo.

Sadiƙ: A can an rufe ƙofa sosai. Daga Android 10, manhajar da aka gina don wannan mataki ba ta iya kunna ko kashe Wi-Fi, `setWifiEnabled` kawai zai dawo da `false`, kuma `addNetwork` ma ba ya aiki, `-1` yake dawowa da shi. Abin da ya rage shi ne `WifiNetworkSuggestion`, wato ka ba tsarin shawara shi ya yanke, ko `WifiNetworkSpecifier` don haɗuwa da netwok na cikin gida da amincewar mai waya. Idan na'urorin na makarantar ne, a saita manhajar a matsayin mai mallakar na'ura tun daga farko, ita an ɗaga mata wannan ƙafa. Ga na'urar ɗalibi kuwa, shawarar Injiniya ce mafita, a yi komai a rauta.

Isufu Damagaram: Mai Mac kuma `networksetup` ne: `-setmanual`, `-setdhcp`, da `-setdnsservers`, inda kalmar `Empty` ke goge DNS ɗin da aka sa. Shi ma da sunan hidima yake aiki, ka fara da `-listallnetworkservices`.

Nura: Barkanku da yamma. Na gwada a kan jeri ɗaya na ɗakin, har da ɗaya daga masu Windows 7. WMI na zaɓa don kod ya zama ɗaya. Uwar garke na da adireshi biyu yanzu kamar yadda Malama ta ce. Duk sun canza sun dawo lafiya, ban da guda da ta ba da 84, da na duba kebul ɗinta ne ya saki. Injiniya, na duba rautar, tana raba IPv6 kuwa, na tare shi ga ɗakin. Abin da ya rage mini a rai shi ne wuta. Idan aka ɗauke ana tsakiyar sauyi, an sa adireshi ba a kai ga DNS ba, kafin janareta ya tashi kwamfutar ta mutu. Me zai faru?

Hajara: Za ta tashi da rabin saiti, shi ya sa aikin da ke gudana lokacin kunnawa zai duba kowane ɓangare daban: adireshi, ƙofar fita, DNS, katin Wi-Fi. Kada ya ga adireshi daidai ya ɗauka sauran ma daidai ne. Idan kuma bai samu uwar garke ba, don ita ma tana kan tashi, ya yi aiki da yanayi na ƙarshe da ya ajiye, ya sake tambaya bayan ɗan lokaci.

Malama Rabi: Shi ma fayil ɗin da ke ajiye yanayin wuta na iya kama shi ana rubutawa, ya zama rabi. Ka rubuta a fayil na wucin gadi a wuri ɗaya da na ainihin, ka kira `flush` da `os.fsync`, sannan `os.replace` ya ɗora shi a kan tsohon. Idan kod ya tashi ya kasa karanta fayil ɗin duk da haka, ka sa ya zaɓi yanayin jarrabawa har sai uwar garke ta amsa. Ɗalibi ya rasa intanet na minti biyu a ranar karatu ya fi sauƙi a kan ya same shi ranar jarrabawa.

Nura: Na gane, Malama. Ranar Asabar babu ɗalibai, zan sa a dukkan ɗakin, in riƙa zare wutar wasu da gangan ana tsakiyar sauyi in ga yadda za su tashi.

Injiniya Bashir: Ka fara da na Windows 10 masu yawa, ka bar tsofaffin sai ƙarshe. Ka kuma turo mana fayil ɗin da kod ya rubuta lambobin amsa a ciki, mu duba tare.